Yadda ake ɗaukar labarin 'yar aikin da ta dawo daga Saudiyya

Zamana na farko da wata da aka dawo da ita daga Jidda, wauta na tafka. Ko gaisuwa ba mu gama ba na ajiye waya a kan tabarma, wai zan naɗi murya. Baiwar Allah ta ce ai lafiya lau ta yi aikinta, ta ja bakinta ta yi gum. Tun daga ranar, zuwan farko na gaisuwa ne kawai. Ki ce mata Hajiya ko Yaya, ki yi mata barka da dawowa. Kalmar "Kano-Jidda" kada ta fito daga bakinki ko da wasa, ta sha gorin a unguwa.

Ranar hira ku keɓe. A gaban miji ko uwar miji ba za ta faɗi rabin abin da ya faru ba, balle idan dillalin da ya kai ta ɗan uwa ne.

Kada ki fara da tambayar duka ko fyaɗe. Fara da lissafi, don shi ne ke tsayawa a gaban hukuma. Ƙarfe nawa take tashi, ƙarfe nawa take kwanciya, musamman da azumi? Riyal nawa aka yi alkawari, nawa ya shiga hannunta, wata nawa aka riƙe? Gida ɗaya take wa aiki, ko har gidan uwar madam ake tura ta? Fasfo yana hannun wa? Da bizar aiki ta shiga ko ta Umra? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi: mai bizar aiki tana da kafili, wato wanda ya ɗauke ta aiki yake tsaya mata, da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma idan ta gudu kafili na iya kai rahoton "hurub", wato ta gudu daga aiki, daga nan sai tarhil, wato a tsare ta a sansanin Shumaisi da ke kusa da Jidda a maido ta gida. Wadda ta zarce da bizar Umra kuwa ba ta da takardar da za ta kai ƙara da ita.

Amsoshin sai ki auna su da yarjejeniya ta 189 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 2011. Ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako, albashi aƙalla sau ɗaya a wata, da haƙƙin mai aiki ta riƙe fasfonta. Saudiyya ba ta rattaba mata hannu ba, kuma sassaucin da ta yi wa kafala, tsarin da ke ɗaure mai aiki ga kafili, a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Ki rubuta hakan ƙarara a rahotonki.

Ki nemi izini ki kwafi saƙonnin murya na WhatsApp tsakaninta da dillali. Sun fi kowace shaida ƙarfi. Sunanta da unguwarta a canza su a rahoton. Hoto kuwa ni ban ɗauka sam.

Idan akwai alamar safarar mutane, NAPTIP, hukumar da ke yaƙi da ita, na da ofis a Kano, amma sai ta yarda za ki kai maganar. Kafin ki tashi ki tambayi bashin tafiya, domin da yawa har yanzu biya suke, wasu ma suna shirin komawa saboda shi.