Yadda ake gane ciwon ganyen reshen dashe da ake reno a ɗaki ƙarƙashin fitila

Mai renon reshen tumatir, ko na'ana'a, ko dankalin Hausa a ɗaki, da ya ga ganye ya soma rawaya sai hannunsa ya kai ga taki. Galibi daga nan ɓarna ke farawa. Reshen da aka yanko daga jikin uwarsa ba shi da saiwar shan taki, sai gishirin takin ya taru ya ƙona bakin yankan. Binciken yana da jeri, kuma taki ne na ƙarshe a cikinsa.

Da farko ka tabbatar ko saiwa ta fito. Kama gindin reshen ka ɗan ja sama a hankali. In ya turje, ya kama. In ya biyo hannu, ka duba wurin yankan: fari mai tauri da ƙananan ƙuraje alama ce saiwa na tafe, ruwan ƙasa mai laushi, wani lokaci da wari, ruɓa ce. Reshen tumatir yakan yi saiwa cikin kwana 7 zuwa 14, na'ana'a da dankali sukan riga shi.

Kafin saiwa ta fito, kusan duk abin da ka gani a ganye maganar ruwa ce, ko haske, ko zafi. Yaushi a kwana biyun farko ba abin tashin hankali ba ne. In ya zarce, laimar iska ta yi kaɗan. Rufe da leda mai haske ko kan gorar ruwa da aka yanke, laima ta kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, zafin ɗakin ya tsaya tsakanin digiri 22 da 26 a ma'aunin Salshiyos. Ka bar ganye biyu ko uku na sama kawai, manyan kuma ka datse rabinsu, domin ta ganye ruwa ke fita. Kullum ka buɗe ledar na minti goma. Raɓa kaɗan a jikinta daidai ne, amma in tana ɗiga a kan ganye, ka shirya ganin fumfuna mai toka-toka.

Akwai yaushin da ke yaudarar mutane: ƙasa jiƙe sharkaf, ganye kuma a lanƙwashe. Wannan ba ƙishirwa ba ce, gindin ne ya rasa iska. Damƙi abin da ka dasa a ciki, ko garin ɓawon kwakwa ne ko yashi, ka matse. Ɗigo ɗaya ko biyu ya kamata ya fito. In ruwa ya zubo, daina ban ruwa, ka huda gindin kofin. Reshen da gindinsa ya riga ya ruɓe, yanke sama da ruɓar da reza da aka tsoma a bilic (ruwan wanke farin kaya), kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, ka sake dasawa a sabon kofi.

Sai fitila. Ganyen sama da ya koɗe ya yi fari-fari, gefensa ya naɗe sama, alhali na ƙasa da ke inuwa kore ne shar, haske ne ya yi yawa. Doguwar fitilar LED mai farin haske ta wadatar a tazarar santimita 30 zuwa 45, awa 16 a rana. Sa bayan hannunka daidai kan ganyen na rabin minti. In ka ji ɗumi, ɗaga fitilar. Reshen da ya yi tsawo siriri, tazarar ganye da ganye ta buɗe, shi kuma haske ne ya gaza masa, abin da kan faru inda ake yawan ɗauke wuta.

Yanzu juya ganyen, ka duba bayansa da madubin ƙara girma. Ɗigo-ɗigo masu rawaya kamar sukar allura, da zare siriri a kusurwar ganye, aikin jan gizo-gizo ne, wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai son zafi da bushewa. Kaɗa ganyen a kan farar takarda, za ka gan su kamar ƙura suna tafiya. Zane mai ƙyallin azurfa da baƙin ɗigon kashi na wasu ƙwari ne sirara masu kankarar ganye. Farin ƙuda kuwa da ka taɓa zai tashi. Maganin farko man darbejiya, mililita 5 a lita ɗaya ta ruwa da ɗan sabulun ruwa, a fesa bayan ganye idan an kashe fitila, a maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai saboda ƙwai. Gwada a reshe ɗaya tukuna, don ƙaramin ganye ba ya da juriya.

A bayan ganyen tumatir kana iya ganin ƙuraje kamar bororo a bin jijiya. Ba ƙwaro ba ne, kuma ba ya yaɗuwa. Ruwa ne ya cika ƙwayoyin ganyen har suka fashe, saboda ƙasa jiƙe, iska kuma cike da laima. Rage ban ruwa, kunna ƙaramar fanka.

In saiwa ta fito, bayan ganye kuma tsaf yake, to an zo kan abinci. Tambayar ita ce, wane ganye ne ya fara? Tsiro yana iya kwashe sinadaran abincinsa irin su naitrojin, fosfaras da magnesiyam daga tsohon ganye ya kai wa sabo, shi ya sa ƙarancinsu ke bayyana a ƙasa. Tsohon ganye da ya yi rawaya gaba ɗaya, naitrojin ne. Ɗaya ko biyu lokacin yin saiwa ba komai, reshen ne ke cin guzurinsa. Rawaya tsakanin jijiyoyi, jijiyoyin na nan kore, magnesiyam ne: giram ɗaya na gishirin Epsom, gishiri mai ɗauke da magnesiyam, a lita ɗaya ta ruwa. Bayan ganye ya yi shuni, fosfaras ne, amma a hunturu sau da yawa sanyi ne ya hana saiwa sha, musamman in kofuna na kan siminti. Ɗora su a kan katako.

Sinadarin ƙarfe da kalsiyam ba sa ƙaura, don haka a sabon ganye ake ganin rashinsu. Sabon toho mai rawaya da jijiya kore, kafin ka sayi wani abu ka auna pH na ruwanka, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwarsa. Ana son 5.5 zuwa 6.5. Ruwan burtsatse mai kanwa-kanwa yakan haura 7, ƙarfen na nan amma saiwa ba ta iya ɗauka. Sirka da ruwan sama kan gyara shi.

Taki ka fara da rubu'in abin da aka rubuta a jikin ledar takin. Bakin ganye da ya ƙone da farin gishiri a saman ƙasa na nufin ya yi yawa. Kwarara ruwa mai tsabta ninki biyu na girman kofin ya tsiyaye.

Ganye mai dabbare-dabbare, ko ƙanana masu naɗewa da rawaya a gefe, tsiron ya tsumbure, wannan ƙwayar cutar bairos ce, kuma ana iya gadonta daga uwa. Ba shi da magani. Cire shi daga ɗakin, ka je ka duba uwar kafin ka sake yankar wani reshe a jikinta.

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka jira kwana uku zuwa biyar. Ganyen da ya lalace ba ya komawa kore, saboda haka sabon da ke fitowa shi za ka duba ka san ko gyaran ya ci.