Yadda ake nemo matsakaicin saurin canjin fankshin na folinomiyal

Fankshin ƙa'ida ce da ke ba ka amsa ɗaya, f(x), ga kowace lamba x da ka sa; na folinomiyal kuwa shi ne wanda aka gina da lambobi da x, x², x³ da makamantansu. Matsakaicin saurin canji shi ne canjin f(x) a raba shi da canjin x. Bari mu ɗauki f(x) = x³ − 2x, daga x = −1 zuwa x = 2.

1. Ka sa lambar ƙarshe a gurbin x: f(2) = 8 − 4 = 4.

2. Ka sa ta farko. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don haka ka sa −1 cikin baka kafin ka taɓa komai. (−1)³ shi ne −1, −2 sau −1 kuma 2 ne, ba −2 ba. Ke nan f(−1) = 1. Ina roƙonka ka rubuta wannan layi a takarda, kada ka yi shi da ka.

3. Ka ɗebe: 4 − 1 = 3.

4. Ka nemo tazarar x: 2 − (−1) = 3. Da ƙimar x = 2 ka fara ɗebewa a mataki na 3, don haka da 2 za ka fara a nan ma. In ka juya ɗaya kaɗai, alamar amsar za ta sauya.

5. Ka raba: 3 ÷ 3 = 1.

Wannan 1 ɗin shi ne gangaren miƙaƙƙen layin da ya haɗa (−1, 1) da (2, 4), ko da yake zanen f(x) kansa ya sauka har ƙasa da sifili a tsakani kafin ya hau.