Idan kamfani ya ce kayan waje sun karya shi: abin da ma'aikaci zai yi kafin ya karɓi sallama

Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar cinikayya maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, a Yamai cikin watan Yulin 2019, bayan ta ja ƙafa fiye da shekara guda saboda ƙorafin ƙungiyar ƙwadago ta NLC da na masu masana'antu. An buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021, da nufin a cire harajin kwastam a hankali daga kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya. Masu goyon baya suna hango wa riɗi da man gyaɗa da shinkafar Gombe kasuwa a Kamaru da Cadi. Masu tsoron kwararowar kayan waje kuma suna tuna yadda masaƙun Kaduna da Kano suka mutu, ma'aikatansu suka yi shekaru suna bin haƙƙinsu. Kowane ɓangare yana da hujja. Abin da ya shafi mai aiki a injin casar shinkafa ko matsar mai shi ne, yarjejeniyar ba ta da babi na kare ma'aikaci. Dokar Najeriya ce kaɗai garkuwarsa, ita kuwa da takarda take aiki.

Saboda haka tun ana zaman lafiya ake fara shiri. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai kamfani ya ba ka rubutattun sharuɗɗan aiki kafin ka wuce wata uku da farawa. A ƙananan masana'antun Gombe da Bauci galibi da baki ake ɗaukar mutum, da sunan yarda da zumunci, kuma nan ne ake cutuwa. Idan ba ka da takardar, ka tara abin da zai maye gurbinta: katin shaidar aiki, saƙon banki na shigar albashi, hoton rajistar da kake sa hannu da safe, da duk wani saƙon waya da manaja ya turo maka a kan aiki. Ranar da ka fara aiki ita ce ta fi komai muhimmanci, domin a kanta ake lissafa sauran. Ka ajiye kwafi a gida. Wanda ya bar nasa a ofis, ranar da aka garƙame ƙofa ya rasa.

Da zarar an fara maganar rage ma'aikata, sai a koma sashe na 20. Abu uku ya ɗora wa kamfani. Dole ya sanar da ƙungiyar ƙwadago ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. Dole ya bi ƙa'idar cewa wanda ya zo a ƙarshe shi ne zai fara tafiya a cikin masu aiki iri ɗaya, sai dai an yarda a duba ƙwarewa da riƙon amana. Sannan ya yi bakin ƙoƙarinsa wajen sasantawa a kan kuɗin sallama. A nan dokar take da rauni, don ba ta yanka ko nawa ba ne. Abin da za ka samu ya dogara da abin da ke cikin takardar aikinka, ko yarjejeniyar da ƙungiyarku ta ƙulla da kamfani, ko kuma ƙarfin bakinku a teburin sulhu. Shi ya sa bai kamata kowa ya shiga ofishin manaja shi kaɗai ba. Idan babu ƙungiya, ku zaɓi wakilai, ku rubuta sunayensu, kowa ya sa hannu, ku miƙa a hukumance. Ku nemi a yi lissafi bisa shekarun aiki, misali albashin makonni kaza a kan kowace shekara, kuma a rubuta ranar biya.

Sai notis, wato wa'adin sanarwa kafin sallama, wanda sashe na 11 ya fayyace: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya daga nan zuwa ƙasa da shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata guda ga mai shekara biyar ko fiye. Kamfani yana iya biyan kuɗi a madadinsa. Kuɗin notis daban, kuɗin sallama daban, bashin albashi da na hutun da ba ka ci ba su ma daban. Kada ka yarda a dunƙule su a jimla ɗaya ba tare da an rarrabe maka a rubuce ba.

Babban tarko shi ne takardar ajiye aiki. Za a ce maka ka rubuta da hannunka don kada sunanka ya ɓaci, alhali da ka rubuta ka zama wanda ya tafi da kansa, sashe na 20 bai ƙara shafarka ba. Haka takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙinka. Kada ka sa mata hannu sai kuɗi sun shiga asusunka ka ƙirga.

Ka je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka ka karɓi cikakken bayanin asusu. Dokar fansho ta 2014 ta ce ana cire kashi 8 daga albashinka, mai kamfani ya ƙara kashi 10, a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Kamfanin da ya fara tangaɗi yakan ci gaba da cirewa amma ya daina turawa, ba wanda zai sani sai an duba. Idan ka ga giɓi, hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom, ita ce wurin kai ƙara. Wanda bai kai shekara 50 ba kuma, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana iya cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun.

Idan sulhu ya ci tura, ku rubuta koke zuwa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, ku haɗa da kwafin takardu, a buga muku hatimin karɓa a kan naku kwafin. Jami'an ƙwadago sukan kira ɓangarorin biyu, kuma sau da yawa a nan magana take ƙarewa. In ba ta ƙare ba, shari'ar aiki ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, kada ku ɓata kuɗi a wata kotun. Manajoji da ƙwararru su sani cewa Dokar Ƙwadago an yi ta ne domin leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, su kuwa takardar aikinsu kotu za ta fi dubawa. Idan kuma kamfanin rushewa ya yi gaba ɗaya, ku gaggauta miƙa lissafin bashinku a rubuce ga wanda aka naɗa ya sayar da kadarori, domin dokar kamfanoni ta sa albashin ma'aikata cikin basukan da ake fara biya.