Yadda ake bin sawun dutsen da ya faɗo daga sama

Wani lokaci da dare a kan ga dunƙulen wuta ya keta sararin samaniya, haskensa ya fi na kowane tauraro, sannan bayan ɗan jimawa a ji rugugi kamar na aradu alhali babu hadari. Dutse ne da ya shigo iskar duniya da gudun da bai gaza kilomita 11 a daƙiƙa ɗaya ba. Yawancinsa yakan ƙone, amma wani lokaci ɓarɓashinsa kan iso ƙasa, kamar yadda aka gani a Zagami ta ƙasar Katsina a 1962, inda dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo, daga baya bincike ya tabbatar daga duniyar Mars ya fito. A arewa maso gabashin Najeriya ma dutsen sama ya faɗo a Gujba ta Jihar Yobe a 1984, da ƙasar Katagum a 1999.

Aikin farko a wurin da mutum yake tsaye ake yin sa. A duba agogo a rubuta lokaci, a lura da inda wutar ta ɓullo da inda ta ɓace ta hanyar alamar da ba ta gusawa, kamar hasumiyar masallaci ko kuka ko tsauni. Sannan a ƙirga tazarar da ke tsakanin haske da ƙara, domin sauti yana cin kilomita ɗaya ne a cikin kusan daƙiƙa 3. Idan minti biyu suka wuce kafin a ji rugugin, to abin ya auku ne a nisan kusan kilomita 40.

A nan ne ido ke yaudarar mutane, kuma ina ganin wannan ne kuskure mafi cin lokaci. Kowa zai rantse cewa a bayan gari ta faɗi, alhali wutar takan mutu tun dutsen yana sama da nisan kilomita 20 ko fiye, ya ƙarasa faɗowa a cikin duhu. Saboda haka shaidar gari ɗaya ba ta isa ba. A tuntuɓi waɗanda suka gani daga wurare masu nisa da juna, misali Darazo da Dukku da Azare, a ja layin kowannensu a kan taswira; inda layukan suka haɗu, nan ne yankin da ya cancanci nema. Makiyaya da manoma da suka ji shuuu ko tim a kusa da su sun fi kowa amfani.

Kafin a shiga gonar kowa a gaida mai unguwa, a nemi izinin mai gona. Bayan girbi aka fi dacewa, lokacin da ƙasa ta buɗe, kuma a hanzarta kafin ruwan sama ya sa duwatsun tsatsa. Masu nema su jeru sahu ɗaya suna tafiya a hankali. Ƙananan gutsattsari kan faɗi a farkon hanya, manya kuma su zarce gaba.

Sabon dutsen sama yana da baƙar fata siririya wadda zafi ya narkar, wani lokaci da lotsattsun wurare kamar an danna yatsa a yumɓu. Yakan fi dutsen gida nauyi, kuma mafi yawansu mayen ƙarfe yana kama su. Sai dai marmara da kashin maƙera na tsofaffin wuraren narkar da tama suna ruɗin mutane ƙwarai. Duk dutsen da ke da ramuka kamar soso, a ajiye shi gefe. Gatarin aradu kuwa makamin dutse ne da mutanen zamanin dauri suka sassaƙa, ba daga sama ya zo ba.

Idan an dace, a ɗauki hotonsa a inda yake kafin a taɓa shi, a adana lambar wurin ta taswira (GPS) da wayar hannu. Kada a wanke shi, kada a fasa shi don neman zinariya, domin babu ta a zo a gani a ciki, kuma a rage goga masa mayen ƙarfe saboda yana ɓata wasu bayanan da masana ke aunawa. A sa shi a busasshiyar leda mai tsabta tare da takardar kwanan wata da sunan wurin, a kai sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko na Jami'ar Jihar Gombe, kuma a karɓi shaidar miƙawa a rubuce.