Yadda Ake Auna Buƙatar da Aka Gabatar da Sunan Al'ada

Duk ƙasar da ta tara jama'a masu harsuna da addinai daban-daban, ba ta rasa ranar da wata al'umma za ta nemi a keɓe ta daga wata doka saboda al'adarta. Masu aƙidar sassaucin ra'ayi, waɗanda suka gina siyasarsu a kan 'yancin kowane mutum shi kaɗansa, sun daɗe suna kai-kawo a kan wannan batu, tun daga rubutun masanin falsafa ɗan Ingila John Locke na 1689 game da haƙuri da addinin wani. Idan irin wannan buƙata ta zo gabanka, kada ka yi gaggawar amincewa ko ƙi.

Ka fara da tambayar wa buƙatar ta nufa. Will Kymlicka, masanin falsafa ɗan Kanada, ya raba ta gida biyu a 1995: akwai wadda ke kare ƙaramar al'umma daga danniyar masu rinjaye, akwai kuma wadda ke ba shugabannin al'ummar damar takura wa nasu mutanen. Ta farko aƙidar na iya karɓarta, ta biyu kuwa da wuya. A 1976 Birtaniya ta yafe wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani sanya hular kwano idan sun hau babur, kuma hakan bai tauye kowa ba, domin haɗarin yana kan mai rawanin ne da ya zaɓa da kansa. Wannan ya dace da ma'aunin masanin falsafa ɗan Birtaniya John Stuart Mill na 1859, cewa hukuma ba ta da hurumin hana baligi abu sai idan zai cutar da wani.

Daga nan sai ka binciki wanda ke magana. Al'ada ba ta da baki, mutane ne ke faɗa da yawunta, kuma galibi dattawa maza ne. Susan Moller Okin, masaniyar falsafar siyasa, ta yi gargaɗi a 1997 cewa haƙƙin da aka miƙa wa al'umma a dunƙule yakan zama nauyi a wuyan matanta. Saboda haka ka saurari mata da matasa kafin ka yanke.

Abin da ya fi wuya shi ne batun ficewa. Ana yawan cewa wanda bai gamsu ba ai yana iya barin jama'arsa, amma ƙofar da mutum ba shi da guzirin bi ta cikinta, da ita da bango duk ɗaya ne. A 1972 Kotun Ƙolin Amurka ta yarda iyaye 'yan Amish, wata al'ummar Kiristoci masu riƙo da tsohuwar al'ada, a jihar Wiskonsin su cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji na takwas, ko da yake dokar jihar ta ce sai sun kai shekara 16. Mai shari'a William Douglas ya saɓa a wani ɓangare, yana cewa ya kamata a ji ta bakin yaran. Ina ganin gaskiya tana wajensa, domin yaron da aka katse wa karatu yana ɗan shekara 14, an riga an rage masa hanyoyin da zai iya zaɓa idan ya girma.

Kada kuma ka bar dokar kanta ba ka tuhume ta ba. Harshen hukuma da ranakun hutu kusan kullum na masu rinjaye ne, don haka abin da ake kira gata ga 'yan tsiraru sau da yawa gyaran rashin daidaito ne da ya riga ya kasance. Kanada ta rungumi manufar zaman al'adu tare a 1971, Faransa kuwa ta hana alamomin addini na bayyane a makarantun gwamnati a 2004, kuma kowacce tana iƙirarin 'yanci take karewa. A nan shawarar masanin falsafa ɗan Amurka John Rawls ta 1993 za ta yi maka amfani: ka nemi hujjar da mai addini da marar addini, ɗan asali da baƙo, za su iya karɓa ba tare da ɗayansu ya bar abin da ya yi imani da shi ba.