Yadda ake ɗaura sabon kwamfaresa a esin mota

Aikin esi shi ne kwashe zafin cikin mota ya fitar da shi waje, kuma gas ɗin da ke zagayawa cikin bututu ne ke wannan dako. Kwamfaresa, wanda bel ɗin inji ke juyawa, yana matse gas har ya yi zafi ƙwarai, ya tura shi kondensa da ke gaban lagireto, inda iska ke huce shi ya zama ruwa. Daga nan sai ya bi ta diraya mai tace datti da laima, ya ratsa ɗan bawul da ke rage masa matsi, ya shiga ifaporeta a bayan dashbod, inda yake komawa gas yana shanye zafin iskar da fanka ke hura wa mutane. A Sakkwato, da zafin Afrilu kan haura digiri 40 kuma ƙurar hunturu ke toshe kondensa, kwamfaresa na shan wahala matuƙa.

Da farko a zuƙe tsohon gas da na'urarsa, kada a sake shi a iska. A cire wayar batir, a sassauta bel, a zare soket ɗin kulocin kwamfaresa (wanda ke kamawa don bel ya juya kwamfaresan), a kwance bututu biyun a toshe bakinsu, sannan a sauke kwamfaresan.

A nan ne ake yawan asara. Kwamfaresan da ya ci kansa yakan watsa garin ƙarfe cikin layin gaba ɗaya, kuma idan aka ɗaura sabo a kan wannan dattin, shi ma ba zai daɗe ba. Don haka a wanke bututun, a canza diraya, kuma idan an ga baƙin mai da ɓurɓushin ƙarfe, shawarata a canza kondensa, domin ramukansa sun yi ƙanƙanta da wanki ya fitar da komai.

Sai batun man kwamfaresa. Motocin da ke amfani da gas ɗin R134a, wanda ya maye gurbin gas ɗin R12 a shekarun 1990, galibi man PAG kwamfaresansu ke sha, kuma a zuba daidai adadin da kamfanin motar ya ƙayyade, domin yawansa na rage sanyi. Kwamfaresan lantarki irin na Toyota Prius yana da nasa man daban, kada a haɗa su.

A ɗaura sabon, a sa sababbin robobin haɗi da aka shafa wa mai, a juya shi da hannu kamar sau 10, a mayar da bel da waya. Bayan haka a zuƙe iskar cikin layin da injin bakum na aƙalla minti 30, a kashe a jira. Idan allurar gejin da ke auna matsin layin ta motsa, akwai yoyo. Wasu makanikai kan tsallake wannan mataki don sauri, alhali laimar da ta rage takan haɗu da mai ta zama asid.

Gas kuwa da sikeli ake auna shi, gwargwadon giram ɗin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. Sai a tayar da mota, a kunna esi ba tare da taka totur ba, a tabbatar kuloci na kamawa kuma fankar kondensa na juyawa.