Yadda Za Mu Kare Yara Da Masu Rauni A Gidan Rediyo

'Yan uwa ma'aikatan rediyo a Gusau da kewaye, don Allah mu kula. Duk yaron da bai kai shekara 18 ba, kamar yadda dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauke shi, kar a sa shi gaban makirfo sai mahaifi ko waliyyi ya yarda, in da hali ya zauna da shi a situdiyo. Kuma babba ɗaya kar ya kulle ƙofa da yaro, ko furodusa ne, a samu mutum na biyu.

Inda abin ya fi damuna shi ne hira da 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka koro, na taɓa ganin wata baiwar Allah tana magana hannunta na karkarwa mai gabatarwa kuma yana ta tambayar sunan ƙauyensu, wallahi haɗari ne, masu kai wa ɓarayin rahoto ma suna sauraro. A naɗi muryar tukuna, a cire suna da gari, in ta fara kuka a tsaya.

Lambar wayar masu kira kuma kar a ba kowa, ko ya ce shi ɗan uwan mai kiran ne.